Ɗana ya yi sati biyu yana koyon mota, in fitar masa da lasisi?

Tambaya: Ɗana ya cika shekara 18. Direban wani maƙwabcina ya yi sati biyu yana koya masa mota a filin ƙwallo a nan Birnin Kebbi, yanzu yana tashi, yana canza giya, yana ribas. Ya matsa in fitar masa da lasisi kafin ya koma jami'a a Aliero, don ya riƙa zuwa da ƙaramar motar gida. Wani ya ce in ba shi kuɗi da hoto zai kawo lasisin har gida, ba sai an je gwaji ba. Koyon da ya yi ya isa? In bai isa ba, sai yaushe?

Amsa: Alhaji, Allah ya raya mana yaron, ya kuma saka maka da ka tsaya tambaya kafin ka miƙa makulli. Koyar da tuƙi ita ce sana'ata, kafin nan kuma na daɗe ina jan motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato da Yawuri, don haka abin da zan faɗa maka shi zan faɗa a kan ɗan cikina. Sati biyu a fili bai isa ba. Shi kuwa mai kawo lasisi har gida, ka yi masa godiya ka riƙe kuɗinka.

Ban raina abin da yaron ya koya ba. Ya san inda kuloci yake kamawa, ya daina kashe mota wajen tashi, ya iya komawa da baya. To amma a filin ƙwallo babu ɗan kabu-kabu da zai ɓullo masa ta dama daidai lokacin da zai sha kwana, babu yarinya mai talla da za ta ruga ta tsallaka, babu tanka a bayansa tana danna masa ham. Sabon koyo hankalinsa duk yana kan ƙafa da hannu: wace giya nake, na gama sakin kuloci ko da saura. Muddin hankalin yana can, idonsa a buɗe yake amma titi bai shiga ba. Amfanin yawan tuƙi shi ne hannu da ƙafa su saba har su riƙa aikinsu da kansu, hankali ya samu sarari ya fita waje yana karanta abin da mutane ke shirin yi tun ba su yi ba. Wannan ba ya samuwa a sati biyu, ko da yaro ya kai kowa basira. Hasali ma masu saurin ɗauka sun fi ba ni tsoro, don su ne ke saurin jin sun gama.

Ta ɓangaren doka ma hanyar da aka nuna maka ba ta ɓullewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta tsara cewa mai neman lasisi karon farko sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi mai rajista da ita. Makarantar za ta shigar da sunansa a na'ura, ya yi zama 26 na darasi, sannan takardar shaidarsa ta fito da lamba. Da wannan lambar da lambarsa ta NIN ake cike fom ɗin lasisi a intanet. Jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci, su ne masu gwada shi a mota. In ya ci, kuma an biya kuɗin a banki, sai ya je da kansa cibiyar lasisi a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito. Rukunin B zai nema, na ƙananan motocin gida, kuma shekararsa 18 ta kai. Ka lura da maganar yatsun nan, Alhaji. Katin da aka kawo maka zaure yaron bai taɓa ɗora yatsa a na'ura ba, daga ina ya fito? Zai yi kyau a ido, har wani shingen ma a wuce da shi. Ranar da aka shigar da lambarsa aka ga babu ita, ko ranar da, Allah ya kiyaye, aka buge wani aka tafi gaban hukuma, yaron ya zama mai tuƙi ba lasisi kuma mai riƙe da takardar jabu, kamfanin inshora ya samu hujjar zame jiki, nauyin duka ya dawo kanka.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan ɓoyuwa: makarantar da za ta karɓi kuɗi, ta jira kwanakin su cika a na'ura, ta buga takarda, ɗalibi bai taɓa zama a motarta ba. Lasisin da ya biyo bayan wannan na gaske ne, direban ne ba na gaske ba. Kafin ka biya kowace makaranta ka je ka ga motarta da idonka. Ka duba ko akwai birki a gefen malami. Ka tambaya minti nawa ɗalibi yake yi a kan sitiyari a kowane zama, domin wani wurin ana cusa yara huɗu a mota ɗaya na awa guda, kowa ya taɓa kwata, a rubuta masa zama ɗaya.

Zama 26 ɗin nan kuwa ƙasan ma'auni ne. A Ingila hukumarsu ta ce matsakaicin mai koyo yana yin awa 45 da malami, da ƙarin awa 22 tare da na gida, kafin ya ci gwaji. A wasu jihohin Ostireliya matashi sai ya cika awa 120 a rubuce, 20 daga ciki da dare. Titunansu da layi da fitilu, kuma ba a haɗuwa da garken shanu a kwana. Ni a nawa ganin, yaro mai shekarun ɗanka kada a sakar masa mota shi kaɗai sai ya yi awa 50 zuwa 60 a titi na gaske, a cikin kamar wata uku. Awa guda a rana sau huɗu ko biyar a sati ta fi a kwashe shi yini guda ranar Asabar, saboda sabon koyo in ya wuce awa ɗaya ya gaji, abin da zai yi bayan nan kuskure ne yake maimaitawa. A samu ƙaramin littafi a aje a mota, duk fita a rubuta rana da wuri da abin da ya ba shi wuya. Ba don kowa ba, don kai: in ka buɗe za ka ga ashe duk awowin da safe aka yi su, a titi ɗaya.

Kafin fita titi a karɓar masa takardar izinin koyo a ofishin lasisi na jiha, a manna harafin L gaba da baya, a tabbatar takardun mota da inshorarta suna raye, kuma kullum mai lasisi na gefensa. Yara suna jin kunyar L ɗin nan, wai 'yan mata za su gani. A bar ta. Ita ce ke sa mai tirela ya ba shi tazara.

Wanda zai zauna gefen nan shi ne rabin aikin. Direban maƙwabcinka wataƙila gwani ne, amma gwanin tuƙi daban, mai iya koyarwa daban, kuma mu direbobin haya muna da halayen da ba na so yaro ya gada: jingina ƙafa a kan kuloci, sakin mota firi a gangara don tsimin mai, danna ham a inda ya kamata a taka birki, shiga kwana ba sigina don wai kowa ya san inda za ni. Yaro ba ya tantance mai kyau da marar kyau, abin da ya ga ƙwararre yana yi shi zai ɗauka. In kai za ka zauna, to ka bar faɗa a gida. Uba in ya daka tsawa, ƙafar yaro takan sauka a kan totur maimakon birki. Ka riƙa faɗin abu tun da nisa, da murya ɗaya: a shatale-talen gaba za mu yi dama, fara rage gudu. In ya yi kuskure a samu wuri a faka, a yi maganar mota tana tsaye. In ka san zuciyarka ba za ta ɗauka ba, kawunsa ko yayansa mai sanyin hali ya fi.

Dabarar da na fi amfana da ita ita ce in sa ɗalibi ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki. Ga mai keke Napep can ya rage gudu, fasinja ya hango, zai tsaya ba sigina. Ga ƙwallo ta faɗo titi, akwai yaro a bayanta. Ga mota a fake da mutum a ciki, ƙofa za ta iya buɗewa. Ga akuya ɗaya ta tsallaka, 'yar'uwarta na tafe. Da farko zai riƙa faɗin abin da ke gaban hancin mota kawai. Da sannu za ka ji yana ambaton abin da ke can nesa, da abin da ke madubi. Ranar da ya riga ka ganin wani abu, an fara samun direba.

A fara da layukan unguwa marasa cunkoso, irin na Gesse, da sassafe bayan an sauko daga Asuba. Daga nan a shiga manyan titunan gari irin Ahmadu Bello Way, a yi ta zagaya shatale-tale har ya saba da ba wa na ciki hanya, wato mai zuwa ta hagunsa, ba tare da ya tsaya cak ya kashe mota ba. Sannan a kai shi inda ba ya so: bakin babbar kasuwa da hantsi, ƙofar makarantar firamare lokacin tashi, kusa da masallacin Juma'a ana saukowa. A nan ake koyon tafiya da giya ɗaya da biyu a cikin mutane, da haƙuri da 'yan kabu-kabu, waɗanda za su bi ta duk inda suka ga rata. Madubin dama da waiwaye ta kafaɗa kafin kowace kwana, wannan sai ya zama masa jiki, don mashin yakan ɓuya a gefen da madubi ba ya nunawa. Tashi a kan tudu da birkin hannu, fakin tsakanin motoci biyu, juya mota a ƙaramin layi, ribas mai kwana, waɗannan a riƙa yin su minti goma a ƙarshen kowace fita.

Inda nake so ka fi ba da ƙarfi shi ne babbar hanya, tunda Aliero yake son zuwa. Haɗarin cikin gari yawanci ƙarfe ne ke lotsewa. A hanyar Jega ko ta Argungu rai ake magana. Dokar gudu ga motar gida kilomita 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta ekspires. Ka zauna da shi ku yi lissafin nan da biro, tunda ɗan jami'a ne. A gudun 80 mota tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga jaki a kan kwalta zuwa lokacin da ƙafa ta taɓa birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye, ga sabon hannu ma ya fi haka. Kafin birki ya fara aiki ke nan an ci mita ashirin da wani abu. Kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Shi ya sa tazarar daƙiƙa uku tsakaninsa da motar gaba ba ta da sassauci: motar gaba ta wuce wata bishiya, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin shi ya kai ta. In ana ruwa a ninka.

Sai wuce mota, ɗaya daga abubuwan da suka fi cin sababbin direbobi a hanyoyinmu da mai zuwa da mai komawa suke kan kwalta ɗaya. A ce tirela tana tafiya a 60, shi yana 80. Kafin ya fito daga bayanta, ya wuce tsawonta, ya samu wurin komawa hannunsa, zai yi fiye da daƙiƙa goma a hannun masu zuwa. A daƙiƙun nan shi ya ci kusan mita 240. Motar da ke tahowa a 100 ta ci kusan 300. Ke nan sai ya hango fiye da rabin kilomita babu kowa kafin ya fita. Sabon direba ba ya iya auna gudun motar da ke fuskantarsa, yakan ga ta yi nisa alhali ta iso. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Koko da Yawuri cike take da manyan motoci, lokacin albasa kuma lodin Aliero yana ƙaruwa a kai. Don haka a fitar farko da ta biyu a babbar hanya ka hana shi wuce kowa, ko amalanke ce sai ka ce masa bismilla. Ya koyi zama a bayan tirela da tazara, ta yadda zai riƙa ganin madubinta, don in bai ga madubin ba direbanta bai gan shi ba. Kada ya yarda da siginar da direban gaba zai kunna masa wai ya wuce, idonsa ne shaidarsa. Ba a wuce mota a kwana, ko kan tudu, ko kan gada, ko inda layin tsakiya bai tsinke ba, ko a cikin ƙauye ranar kasuwa. Ya kuma koyi abin da zai yi in tayar dama ta sauka daga kwalta: ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari, ya bar gudu ya mutu sannan ya hau a hankali. Fizgar sitiyari a nan ita ke kifar da mota.

Dare da damina da hazo kowanne darasi ne mai zaman kansa, kuma ba a koyonsu da baki. Da dare akwai mashin marar fitilar baya, da motar da ta lalace aka bar ta a kan hanya da ganye kawai, da mai zuwa da ya ƙi rage fitila. Ya saba da mayar da ido gefen dama na kwalta maimakon kallon hasken, kuma kada gudunsa ya wuce inda fitilarsa ta kai. Aƙalla awa goma daga cikin awowin nan su zama na bayan Magariba, a cikin gari da kewayensa. Ruwan farko ya fi santsi, saboda ya haɗu da ƙura da man da ya zuba a kwalta duk rani. A cikin hazo gajerar fitila ake kunnawa, doguwa dawowa take yi ido. Da kaka kuma manoma suna shanya a gefen titi, mutane da dabbobi suna kusa da kwalta fiye da kullum.

In motar gidan otomatik ce ya yi yawancin awowinsa a cikinta, tunda ita zai ja, amma kada ya bar mai giya ta kuɓuce masa. Ƙafar dama kaɗai ake tuƙa otomatik da ita. Ya kuma san buɗe gaban mota ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, ya iya canza taya shi kaɗai. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, FRSC kuma tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adinta. Da zafin Maris da Afrilu na garin nan, tsohuwar taya ba abin wasa ba ce.

Gwajin VIO kansa ba shi ne abin tsoro ba ga wanda ya yi abin da na lissafa. Za a tambaye shi alamomin hanya, don haka a saya masa littafin dokokin hanya ya karanta: mai da'ira da jan baki hani ne, shuɗiya mai da'ira umarni ce, mai kusurwa uku gargaɗi. Za a ga tashinsa da tsayawarsa da ribas da fakin, a ga ko ya ɗaura bel, ya gyara madubi, ya ba da sigina. Ya je da motar da ya saba da ita. In bai ci ba a karon farko, ya koma ya gyara abin da aka ce, kada a nemi a sa baki.

Nawa gwajin ya fi nasu tsauri, kuma kai ma za ka iya yin sa. Ka zauna gefensa daga gida zuwa Argungu da dawowa, ka ja shi da hira, kada ka ba shi umarnin komai. In hirar ba ta hana shi duba madubi ba, in ya yi shiru da kansa da ya iso wuri mai wuya, in ka dawo gida ƙafarka ba ta taka birkin da babu a gefenka ba, to ya kai. In ka sauka da ciwon cinya, da saura.

Ko bayan katin ya fito, watannin farko su ne mafi hatsari, domin tsoro ya tafi ƙwarewa ba ta gama zuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ka gindaya sharuɗɗa tun kafin makulli ya shiga hannunsa, don bayan nan ba za su ji ba: wata shida na farko babu tafiyar dare a wajen gari, babu cika mota da abokai, waya tana aljihu, ba a ba wa aboki aro ko ɗan taɓawa, kuma ba ya shiga jerin gwanon kai amarya. Wannan na ƙarshen kada ka sassauta, mun ga abin da wasan mota a biki yake jawowa. Ya aje lambar 122 ta FRSC a wayarsa.

Game da Aliero, zangon nan ya tafi a motar haya. Ka yi masa rajista a makaranta mai izini yanzu, ya fara zamansa kafin ya koma, in ya zo ƙarshen mako ku ƙara awa biyu ko uku, babban hutu a cike sauran, sannan a je gwaji. Tafiyar farko da zai kai motar makaranta ku yi ta tare, shi a sitiyari, da hantsi, ranar da ba kasuwar Jega ba, kai ka dawo a haya.